Mutanen da Tallan Ƙanjamau Ya Tsallake

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 zai tuna irin gargaɗin da aka riƙa yi mana a kan ƙanjamau. A rediyo, direban babbar mota ne ya yada zango a tasha ya nemi mace. A bangon asibiti, hoton magidanci ne da matarsa, ga wata can gefe ta ci kwalliya tana yafito shi. A wasan kwaikwayon talabijin ma haka, kullum namiji da mace. Saƙon ya shiga, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Amma akwai waɗanda suka saurari wannan gargaɗi daga farko har ƙarshe suka tashi da wata fahimta daban, wato cutar a jikin mata take, wanda bai kusanci mace ba ya tsira.

Na daɗe ina aikin jinya a sashen gwajin jini da ba da shawara na wani asibiti a nan Arewa, kuma na sha jin wannan magana da kunnena. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne mai koyon ɗinki, ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ya rame, aka turo shi wurina. Bayan gwaji na biyu ya tabbatar da na farko, na zaunar da shi na yi masa bayani. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Mama, a sake dubawa. Wallahi ban taɓa sanin 'ya mace ba." Na ce, "Na yarda da kai, ɗana. Namiji fa?" Ya cire hularsa ya daɗe yana murza ta a hannu. Can ya ce, "Ashe ana ɗauka ta nan?"

Ana ɗauka, ta nan ma aka fi ɗauka, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa.

Binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi ƙarancin masu ita. Labari ne mai daɗi. Sai dai akwai wani binciken da gwamnatin tarayya ke maimaitawa lokaci-lokaci a tsakanin rukunonin da suka fi shiga haɗari, wanda ba a cika karanta shi a labaran rediyo ba. A tsakanin maza masu neman maza, an samu kashi 13.5 a 2007, kashi 17.2 a 2010, kashi 22.9 a 2014, sannan kashi 25 a 2020. Mutum ɗaya cikin huɗu ke nan. Kada wani ya ce maganar Legas ce, domin Kano na cikin jihohi uku da aka fara wannan ƙidaya a cikinsu a 2007.

A dai wannan bincike, mata masu zaman kansu da ke gidajen haya sun sauko daga kashi 37.4 a 2007 zuwa 19.4 a 2014. Na san abin da ya jawo haka, don da ni aka yi. Mun shiga gidajensu da katan-katan na kwaroron roba, mun zauna a tabarma da su da magajiyarsu, mun nuna musu yadda ake sa shi a jikin itacen gwaji, mun koya musu abin da za su ce wa wanda ya ƙara kuɗi don a yi babu roba. Ba wanda ya ce mun halatta karuwanci. Mazan nan kuwa, an daɗe ba a je inda suke ba, da aka fara zuwa kuma sai a ɓoye, ana waiwaye.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu. Addini ya haramta, doka ta hana, to don me za a koya musu yadda za su kare kansu? Ni Musulma ce, a gidan malamai na tashi, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fage yana da masu shi. Nawa fagen ɗakin gwaji ne. Idan aka kawo mana wanda ya bugu ya faɗi da babur, ɗinke shi muke yi, ba ma jira sai ya tuba. Saurayin da ya mutu yana ɗan ashirin da biyar saboda an ɓoye masa abin da za a iya gaya masa cikin minti goma, ɗan wata ne, ƙanin wani ne, kuma duk alherin da ake fata daga gare shi ya bi shi kabari. Ni dai ba zan iya kallon wannan in ce daidai ne ba.

Kuma maganar ba a kansu kaɗai take tsayawa ba. A ƙasarmu namiji ba ya zama babu aure, ko me ke cikin zuciyarsa. Wani Ba'amurke mai bincike, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafi a kan 'yan daudu a 2009, ya nuna abin da mu mazauna gari muka daɗe da sani, cewa da yawa daga cikin masu harka, wato maza masu neman maza, magidanta ne masu 'ya'ya. Wasu ma iyaye ne ke gaggauta yi musu aure da zarar an fara tsegumi a unguwa, da tunanin aure zai raba su da abin. Na sha zama da amaryar da ta zo awon cikin fari aka ga cutar a jininta, tana rantsuwa ba ta san kowa ba sai mijinta, kuma gaskiya take faɗa. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta taimaka, amma takardar gwaji labarin ranar da aka yi ta kawai take bayarwa. Wanda ya kamu cikin 'yan makonnin baya, gwajin zai iya nuna ba shi da komai, kuma takardar ba ta bin ango bayan an watse daga ɗaurin aure.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi yadda abin yake. Fatar da ke cikin dubura siririya ce ƙwarai, ba ta samar da danshin kanta, tana saurin tsagewa ko da mutum bai ga jini ba, kuma a ƙarƙashinta akwai tarin irin ƙwayoyin garkuwar jikin da cutar ke nema ta shiga. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a cikin saduwa 10,000 da mai ɗauke da cutar, babu roba babu magani, wanda aka sadu da shi ta dubura zai kamu a sau 138, macen da aka sadu da ita ta gaba kuwa a sau 8. Ninki goma sha bakwai ke nan. Wannan lissafi bai ware kowa ba, har macen da mijinta ke zuwa mata ta baya yana kanta. Wanda ke sama ma bai tsira ba, haɗarinsa ne kawai bai kai na ɗan'uwansa ba.

A nan kwaroron roba ya shigo, kuma ina ganin a wuri irin namu babu kariyar da ta kai shi sauƙin samu. Ba ya buƙatar katin asibiti, ba sai ka ba da suna ko adireshi ba, ba kuma sai ka gaya wa kowa da wa za ka kwana ba. Gold Circle da ire-irensa suna kowane kemis. Matsalar saurayi ita ce mai kemis ɗin unguwarsu ya san mahaifinsa, shi ya sa za ka ga ya hau adaidaita har Sabon Gari don ya sayi abin da ke bakin layinsu. In hakan ne zai sa ya saya, to ya je.

Amma sayen ba shi ne iyawa ba. Yawancin masu ce mini "ai robar fashewa take yi", da na bi diddigi sai in tarar laifin ba na robar ba ne. Wani a aljihun bayan wando yake ajiye ta wata da watanni yana zama a kai. Wani a akwatin babur, cikin zafin Afrilu, har robar ta yi rauni tun ba a buɗe ta ba. A duba ranar ƙarewar aikinta a jikin leda. A matsa ledar a ji akwai 'yar iska a ciki, in ta lotse ta huje ke nan. A yaga ta gefe da yatsa, ba da haƙori ko reza ba. A matse kanta a fitar da iska kafin a warware ta har ƙasa, kuma tun kafin a fara, ba sai an yi nisa ba. In an gama a riƙe bakinta a zare tun gaba bai kwanta ba. Sau ɗaya ake amfani da ita. Masu haɗa biyu don ƙarin tsaro kuwa su daina, gogayyar da ke tsakaninsu na iya yaga su duka.

Babban abin da ke kashe roba shi ne mai. Tunda wurin ba shi da danshi, dole mutum ya nemi abin santsi, kuma abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne Vaseline, man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, man gyaɗa ko man shafawa na kwalba. Duk waɗannan cin roba suke yi. Wani gwaji da aka wallafa a 1989 ya nuna minti ɗaya kacal da irin man da ake zubawa a man jarirai ya isa ya zubar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta. Abin da ya dace shi ne man santsi mai ruwa, irin su KY Jelly, ana samunsa a manyan kemis, wasu cibiyoyin lafiya ma kyauta suke haɗawa da robar. Yawu ba ya wadatarwa, nan da nan yake bushewa. Da za a ce in zaɓi jimla ɗaya da zan sa a rediyo, wannan ce: roba da man shafawa ba sa haɗuwa.

Roba tana tare ƙanjamau da ciwon sanyi sosai, tana rage haɗarin ciwon hanta, amma ba ta rufe ko'ina ba. Tunjere da ƙurajen gaba da tsiron da ke fitowa a bakin dubura suna iya bi ta haɗuwar fata. Ga kuma wani abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ciwon sanyi yana zama a dubura ko a maƙogwaro, sau da yawa ba tare da wata alama ba. In alamar ta fito, ƙaiƙayi ne ko ruwa ko jini ko tsiro, kuma a wurinmu duk abin da ya fito a nan sunansa basir. Sai mutum ya tsaya wurin mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya sayi jarkar maganin basir, ya sha ta ƙare ya sake saya. Na ga wanda ya zo mana ba ya iya zama a kujera, a tsaye ya yi mini bayani yana dafe da bango, kuma abin da ke damunsa da ya zo da wuri allura ɗaya da ƙwayoyin mako guda sun ishe shi. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa. Ya ce, "Hajiya, in na buɗe wa likita ai ya gane." Tsoron a gane ya fi masa ciwon zafi.

Wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. Jihohi 12 na Arewa suna da dokokin shari'a masu tsananin hukunci a kan luwaɗi. A watan Janairun 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyar irin waɗannan mutane ko ya mara mata baya. A lokacin akwai masu bincike da ke bibiyar lafiyar ɗaruruwan maza masu neman maza a Abuja, suka kwatanta kafin dokar da bayanta. Masu jin tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100, masu ƙaurace masa gaba ɗaya daga 20 zuwa 28. A Senegal an ga irin haka. A watan Disambar 2008 aka kama maza tara a Dakar, cikinsu har da masu aikin wayar da kai a kan cutar, aka yanke musu shekara takwas-takwas. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake su a watan Afrilun 2009, amma kafin nan masu rabon roba sun dakata, marasa lafiya sun ɓuya, wasu sun bar karɓar magani. A ƙara da 'yan damfarar da ke ɗana tarko ta waya, su kira mutum wani ɗaki su yi masa duka su ɗauki hotonsa su riƙa tatsar kuɗi. Wanda ke cikin wannan hali, kwalin roba a aljihu ma gani yake shaida ce a kansa. 'Yan daudu su suka fi shan wahala don su ake gani, a tasha da wurin sayar da abinci, ko da kuwa wasunsu ba su da alaƙa da harkar.

Ba sai ƙasa ta sauya addininta ko dokarta kafin ta yi abin da ya kamata ba. Maroko ƙasar Musulmi ce, dokarta na ɗaure mai wannan aiki daga wata 6 zuwa shekara 3. Duk da haka ƙungiyar ALCS, wadda Farfesa Hakima Himmich ta kafa a 1988, tun shekarun 1990 take tura masu wayar da kai daga cikin mazan kansu, su kai wa 'yan'uwansu roba da man santsi su rako su wurin gwaji, kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar tana aiki da ita. Mu ma muna da irin waɗannan cibiyoyi a wasu manyan birane, suna aiki shiru-shiru.

Mata masu neman mata su ma an tsallake su. Gaskiya ne ƙanjamau ba ta cika bi tsakanin mace da mace ba, amma tunjere da ƙurajen gaba suna bi, haka ma ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Mace duk yadda take tana buƙatar a duba mata bakin mahaifa, kuma rigakafin wannan ƙwaya da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 na kowace yarinya ne. Da yawansu kuma matan aure ne, abin da ya shafi mijin ya shafe su.

Bayan roba akwai wasu ƙofofi da mutane ba su sani ba. In roba ta fashe, ko an yi babu ita, ko an yi wa mutum fyaɗe, namiji ne ko mace, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP. Ana fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai PrEP, ƙwayar da mai lafiya ke sha kullum don kada ya kamu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk mai cikin babban haɗari tun 2015, a 2025 ma ta amince da wata allura da ake yi sau biyu a shekara. Sai dai samun PrEP ya yi wuya bayan da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, abin da ya girgiza shirin PEPFAR da ke ɗaukar kaso mai tsoka na wannan aiki a Najeriya tun zamanin George Bush. Wannan ma wani dalili ne na riƙe roba da kyau.

Wanda ya riga ya kamu kuwa, zancen kabari kusa ya wuce. Ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a asibitocin gwamnati. In ya riƙe ta har gwaji ya daina ganin ƙwayar cutar a jininsa, ba ya sa wa wanda ya kwana da shi. An bibiyi ɗaruruwan maza da abokan zamansu maza a Turai, ɗaya na da cutar yana shan magani ɗayan ba shi da ita, aka ƙirga saduwa sama da 76,000 babu roba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. A 2019 aka wallafa sakamakon. Mai ciki ma in ta riƙe maganin, haɗarin jaririnta na sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100. Duk wannan alheri yana jiran mutum ne a bayan ƙofa ɗaya, ƙofar ɗakin gwaji, kuma mu ma'aikata ne ke tsaye a bakinta.

Don haka maganata ta farko ga abokan aikina ce. Na taɓa ganin ma'aikaciyar da ta fito daga ɗakin duba mara lafiya ta yafito 'yan'uwanta su zo su ga ɗan daudu. Bai sake dawowa ba, kuma na tabbata ya gaya wa abokansa kada su zo. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ta hana a fallasa sakamakon mutum ba da yardarsa ba, kuma tun kafin doka tarbiyyarmu ta san rufin asiri. Ku tambayi kowane namiji cikin murya ɗaya, ba tare da yamutsa fuska ba: mata kake nema, ko maza, ko duka? Ku ajiye roba da man santsi inda mutum zai ɗauka ba sai ya roƙa ba. Iyaye kuma, in kun tsinci kwaroron roba a aljihun ɗanku, duk faɗan da za ku yi ku yi, amma kada ku sa ya daina ɗauka, kuma kada ku ɗaura masa aure da 'yar mutane ba tare da gwaji ba.

Kai kuma da kake karanta wannan kana jin da kai nake, ba na buƙatar sanin sunanka. In ba za ka iya shiga asibitin unguwarku ba, je na wata unguwa. In shi ma ya gagara, akwai abin gwajin kai irin OraQuick a manyan kemis, a dasashi ake goga shi, minti 20 ya nuna. In ya nuna akwai, je asibiti a tabbatar a ɗora ka a magani. In ya nuna babu, ka sake bayan wata uku. In kuma roba ta fashe maka daren jiya, ajiye karatun nan ka tafi asibiti yau, ka ce musu roba ce ta fashe kana son PEP. Ba dole sai ka faɗi da wa ba.